Wani ya zo mana da ɗakin ajiye albasa da tarin takardu: ta ina ake tantance shi?

Sakataren Manoma, Aliero

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke riƙe da littafin wata ƙaramar ƙungiyar manoman albasa a yankin Aliero, kuma wata magana ce ta taso mana da nake son masu sani su haska mini.

Duk wanda ya san albasa ya san ciwonmu. Ana cire ta lokaci guda da rani, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi warwas. Mai haƙuri ya zuba a rudu ya jira, amma kafin kuɗi su tashi wata ta ruɓe, wata ta tsiro, wata ta motse. To wani bawan Allah ya zo taronmu da hotunan wani ɗakin ajiya na ƙarfe mai fanka da farantin sola, ya ce shi ya ƙirƙiro shi. A katin da ya raba mana an rubuta Injiniya, an rubuta Dakta. Ya ce a Jamus ya yi digirinsa na uku, ya yi aiki da wani kamfani a can, kuma yana da takardar mallakar ƙirƙira ta Najeriya da ta Amurka. Ta Najeriyar ya ɗaga mana ita daga inda yake tsaye, cikin leda mai ƙyalli, da jan hatimi. Yana so mu haɗa rabin kuɗin ɗaki biyu kafin ya sa hannu a aiki.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, akwai wani mai walda a Jega da ya daɗe yana haɗa wa mutane abu mai kama da wannan, fanka da ragar ƙarfe, sai dai babu sola. Baƙon namu ya aika masa cewa ya daina ko su haɗu a kotu.

Tambayata: akwai inda talaka zai duba ya san mutum ya yi karatun da ya ce, ya yi aikin da ya ce, kuma ƙirƙirar tasa ce? Kuɗin mutane ne, har da na mata masu adashi, kuma ni za a tsare in abu ya lalace.

Malamin Foli, Birnin Kebbi

Wa'alaikumus salam Malam Sakatare. Fara da ta Amurkar, don ita ce mafi sauƙi, kuma ko sisi ba za ka kashe ba banda data.

Ka ce ya ba ka lambar takardar. Lamba kawai. Ka shiga shafin intanet na Google Patents, ko Espacenet na ofishin Turai, ko Patentscope na WIPO, hukumar mallakar fasaha ta duniya da ke Janeba, ka zuba ta. In akwai ta, komai zai fito: zanen abin, bayanin yadda yake aiki, ranar da aka shigar da buƙata, sunan wanda ya ƙirƙira, da sunan wanda ya mallaka. Ka lura da biyun ƙarshen nan, ba lallai su zama mutum ɗaya ba. Injiniya zai iya ƙirƙira abu yana ma'aikaci, sunansa ya fito, amma haƙƙin na kamfanin ne. Sirri ba ya cikin wannan harka ko kaɗan. Cinikin da ake yi ke nan tsakanin mai ƙirƙira da hukuma: ka bayyana wa duniya yadda abinka yake, a ba ka kariya ta shekara 20 daga ranar da ka shigar. Don haka in ya ce maka ba zai ba da lamba ba don kada a sace masa fasaha, ka san akwai lauje cikin naɗi.

Sai ka dubi harafin da ke bayan lambar. A tsarin Amurka, A1 buƙata ce kawai da aka wallafa, wadda galibi ke fitowa wata 18 bayan shigarwa, ko an amince ko ba a amince ba. B1 ko B2 ita ce wadda aka bincika aka bayar. Wadda ta fara da WO kuwa buƙata ce ta ƙasa da ƙasa, hanya ce ta neman kariya a ƙasashe da yawa, ba kariyar ba ce. Babu wata takarda ɗaya da ta rufe duniya duka, duk da na sha jin ana faɗa a rediyo cewa wane ya samu ta duniya.

Digirin Jamus ma akwai dabara. A can dole ne wanda ya yi digiri na uku ya wallafa kundinsa kafin ya fara amsa sunan Dakta, kuma babban ɗakin karatu na ƙasar yana da kundin sunayen littattafan a intanet. Ka tambaye shi sunan jami'a, shekara, da taken kundin. Wanda ya yi shekaru yana fama da kundi ba ya manta takensa, ko daga barci ka tashe shi.

Injiniya kuma, hukumar COREN ce ke rajistar injiniyoyi a Najeriya tun dokar 1970, kuma wanda ta yi wa rajista yana da lamba da hatimi. Ka nemi lambar ka tuntuɓe su. Amma a nan zan ɗan sassauta: a ƙasar nan har mai gyaran janareta Injiniya muke ce masa, kuma wasu daga cikinsu sun fi masu digiri hannu. Rashin rajista bai nuna ɗakin ba ya aiki. Abin da ya nuna shi ne mutumin ya buga a kati abin da bai kai ba, kai kuma ka auna sauran maganarsa da wannan.

Aikin gaske yana barin sawu. Ɗauki Jelani Aliyu, wanda ya karanci zanen gine-gine a makarantarmu ta nan Birnin Kebbi kafin ya tafi Detroit. Ya shiga kamfanin motoci na General Motors, shi ya jagoranci zanen jikin samfurin motar Chevrolet Volt da aka nuna a 2007, aka dawo da shi gida a 2017 ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta ƙasa. Ba daga bakinsa kaɗai ake jin wannan ba, makaranta ta faɗa, kamfani ya faɗa, jaridu sun rubuta. Shafin LinkedIn kuwa mutum ne ya zauna ya rubuta wa kansa, kada ka ƙirga shi cikin shaidu.

Lauya Ɗan Yawuri

Malam ya gama da waje, bari in taɓa ta gida, don nan ne mutane suka fi ruɗewa.

Dokarmu ta mallakar ƙirƙira ta 1970 ce, kuma ofishin rajistar yana Abuja ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari. Abin da ya kamata ka riƙe: magatakardan ofishin yana duba ko takardun sun cika ne, an cike fom, an haɗa bayani da zane, an biya kuɗi. Doka ba ta ɗora masa binciken ko abin sabo ne ba, balle ko yana aiki. Ita kanta dokar ta ce ana ba da takardar ne bisa kasadar mai ita, ba tare da lamunin ingancinta ba. Saboda haka jan hatimin nan zai iya zama na gaskiya, ɗakin kuma ya ruɓar muku da albasa. Babu wanda ya taɓa zuba buhu ɗaya ya gwada kafin a buga hatimi.

Na biyu, ka karɓi takardar a hannu ka karanta kanta. Na sha ganin wanda zai ce yana da mallakar ƙirƙira, in an duba sai a ga satifiket ɗin rajistar kamfani ne na CAC, ko rajistar tambarin kaya, ko ta siffar kaya. Tambari suna da alama yake karewa. Ta siffa kuma kamannin abu take karewa, shekara 5 ce ana sabuntawa sau biyu. Babu ɗaya cikinsu da ke hana wani haɗa fanka da raga. In kuma ta ƙirƙirar ce da gaske, akwai kuɗin da ake biya duk shekara, wanda ya daina biya ana ɗaga masa ƙafa wata 6, daga nan ta faɗi. A nemi rasit na bana.

Mai waldar Jega ya kwantar da hankalinsa. Takardar Amurka a Amurka take aiki, ba ta da iko ko a Kamba. Ta Najeriya ma ba ta tsallaka iyaka: Nijar da Binin suna cikin wata ƙungiyar rajistar ƙirƙira ce daban, OAPI, mai hedikwata a Yawunde, mu ba ma ciki. Sannan dokarmu ta ce wanda ya riga yana ƙera abu da zuciya ɗaya a sana'arsa a Najeriya kafin ranar da wani ya shigar da buƙata yana da damar ci gaba. Ƙari a kan haka, in abin ya riga ya bazu a idon jama'a kafin ranar, to ba sabo ba ne, kuma Babbar Kotun Tarayya na iya soke takardar. Ya adana duk abin da ke nuna shekarun da ya yi yana aikin: tsofaffin hotuna a waya, littafin bashi, sunayen waɗanda ya yi wa. Kada dai ya yi watsi da sammaci in ya zo, ya nemi lauya.

Baba Sarkin Noma

Sakatare, jikana ya karanta min abin da malamai sunka rubuta, Allah shi ƙara musu sani. Ni nawa kaɗan na. Wanga mutum ɗan wane gari na? Wa ya kawo shi taronku? Wanda ya kawo shi shi tsaya mai. Kuma in ya ce ɗakin na aiki, ina wanda anka gina ma irinai? A ɗauki mutum ukku cikinku su tahi su gani, su buɗe, su sa hannu cikin albasar, su tambayi mai ita wata nawa ta yi. In babu ko guda, to shi gina ƙarami da kuɗɗinai, ku zuba buhu goma ciki, goma a rudu, rana guda, gona guda. In damana ta yi nisa a buɗe gaban kowa. Ku bar cinikin biri a sama da kuɗɗin adashin mata.

Hajiya Ma'aikaciya, Gusau

Baba ya faɗi gaskiya, Allah ya ƙara girma. Ni a ofishin kula da ma'aikata nake, tantance takardu shi ne abincina, to ga abin da zan ƙara.

Ƙanena, ba komai ne ke buɗe ga kowa ba. Jami'a ba za ta miƙa maka sakamakon wani don ka tambaya ba. Yadda muke yi shi ne mai takarda ya ba da kwafi da yardarsa, mu haɗa da wasiƙa zuwa ga rajistara, su amsa cewa tasu ce ko ba tasu ba. WAEC da NECO da NYSC duk suna da hanyar tantancewa, amma sai da lambobin da ke hannun mai takardar. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, sai dai ta ware bayanan da suka shafi rayuwar mutum, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a. Wanda ya fi fitowa fili shi ne ɗan takara, don dokar zaɓe ta 2022 ta sa INEC ta liƙa bayanan da ya rantse a kansu a mazaɓarsa. Baƙonku ba ɗan takara ba ne, amma tunda kuɗinku yake nema, kuna da bakin cewa ya kawo kwafi.

Kada hatimi ya tsorata ku. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako 6, har aka tura shi bautar ƙasa da shi, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da karɓar digirin Binin da Togo a farkon 2024. Kafin nan, shugaban majalisar wakilai ya sauka a 1999 kan digirin Toronto da bai yi ba, ministar kuɗi ta sauka a 2018 kan takardar NYSC. In an iya wucewa da su har can sama, taron manoma ba zai gagara ba.

Amma ga ɗaya gefen, wanda ya fi ci mini rai a wurin aiki. Rashin ganin suna a intanet ba hujja ba ce. Mutum ɗaya sai ka same shi Muhammadu a firamare, Mohammed a sakandare, a jami'a ya ɗauki sunan garinsu, a fasfo sunan kakansa. Turawa kuma su juya sunan, na ƙarshe ya koma farko. Ka gwada kowane rubutu kafin ka yanke. Kuma don Allah kada wani cikinku ya ɗora hotonsa a Facebook da sunan ɗan damfara. In ya zamana yana da gaskiya kun ci mutuncin bawan Allah, kuma ƙarar ɓata suna a kanku za ta faɗo.

Sakataren Manoma, Aliero

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga inda aka kwana.

Na kira shi na nemi lambobin, bai yi gardama ba, ya turo hotuna ta WhatsApp. Mai jan hatimin ta CAC ce, rajistar sunan kasuwanci, kuma na duba a shafinsu sunan yana nan. Ta Amurkar na zuba a Google Patents ta fito, da A1 a ƙarshe. Sunansa na cikin mutum huɗu da aka jera, mai mallaka wani kamfani ne, zanen kuma na na'urar busar da hatsi ne, ban ga albasa a ciki ba. Taken kundin ya ce zai turo, COREN kuma ya ce rajistarsa na kan hanya.

Shugabanmu ya gaya masa shawarar Baba ta buhu goma-goma. Ya ce zai iya, in mun ɗauki kuɗin ƙarfe shi ya ɗauki na sola da fanka. Ranar Juma'a bayan masallaci za mu zauna a kai, kuma wasu na cewa a kira mai waldar Jega shi ma ya kafa nasa a gefe. Lauya, in an amince, wace irin yarjejeniya ya kamata mu rubuta kan wanda zai biya albasar in ta ruɓe a ɗakinsa?