An tura mu unguwa aikin jinya, an rufe mini ƙofa

Ɗalibar Jinya, Gwale:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya. Makon jiya aka tura mu, mu takwas, wani asibitin sha-ka-tafi a cikin birni. Malamarmu ta ce daga yau majinyacinmu ba mutum ɗaya ba ne, unguwa ce sukutum. Ta ba mu littafi mu ƙirga gidaje, masu ciki, da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, mu kuma rubuta inda kowane gida yake samun ruwa. Ni kuwa da ɗakin kwanciya na saba: auna zafin jiki, sa ƙarin ruwa, ba da magani a kan lokaci.

Jiya na yi sallama a wani gida, wata dattijuwa ta leƙo ta ce maigida ba ya nan, ta mayar da ƙyaure. Ina jiyo tarin yaro daga ciki, tari mai nauyi. Da abin na kwana a raina. Don Allah mene ne ainihin aikin nas a cikin al'umma? Kuma yaya ake shiga gidan da ba a buɗe ba?

Tsohuwar Nas, Ƙofar Na'isa:

Wa alaikumus salam 'yata. Tunda tarin yaron ya hana ki barci, za ki iya aikin nan.

A asibiti zama kike yi, marar lafiya ya zo ya same ki. A unguwa kuwa wanda bai zo ba shi kike nema. Buɗe rajistar rigakafi ta asibitin nan. Za ki ga jaririn da aka yi wa allurar Penta (mai kare cututtuka biyar) ta farko yana da mako 6, bai dawo ta mako 10 ba, balle ta 14. Za ki ga mai cikin da ta zo awo sau ɗaya ta ɓace. Waɗannan su ne majinyatanki, ko da yau lafiyarsu ƙalau.

Rigakafin da ake koya muku hawa uku ne. Na farko tare cuta tun ba ta zo ba: allura, gidan sauro, ruwa mai tsabta, nonon uwa zalla wata shida. Na biyu gano ta da wuri: ki auna hawan jinin mai ciki, ki ɗaura wa yaro tef ɗin awo mai launuka a damtse, in bai kai santimita 11.5 ba ya shiga ja, tamowa ce mai tsanani. Na uku kuma bayan cuta ta riga ta yi ɓarna, kamar dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, ki koya wa iyalinsa juya shi don kada gyambo ya kama bayansa.

Batun ƙofa kuwa, da ɗan gari akan ci gari. Kafin ki taka kowane zaure ki je ki gaida mai unguwa da liman, ki nemi ungozomar unguwar ta raka ki. Ina bakin aiki a 2003 lokacin da aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano, sai a 2004 aka dawo da shi. Maganin yana cikin akwatin ƙanƙara a hannunmu, amma yarda babu. Sai da hakimai da dagatai da malamai suka sa baki ƙofofi suka buɗe, har muka ga ranar da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, a Agustan 2020. Na yi kuka ranar, domin na san yaran da ƙafarsu ta tafi a tsakani.

Duba-gari, Fagge:

Ƙanwata, kada ki raina tambayar ruwan nan. A 1854 wani likita a Landan, John Snow, ya bi gidajen da kwalara ta yi kisa, ya zana su a taswira, ya ga sun kewaye famfo ɗaya. Aka cire hannun famfon. Abin da littafinki zai yi ke nan. In gida biyar masu amai da gudawa duk wurin ɗan garuwa ɗaya suke saye, ki tambayi inda yake ɗebowa. Ki kuma duba tazarar rijiya da masai, musamman da damina, don gidajen cikin birni a matse suke.

Yaron nan kuma kada ki jira. Mashaƙon da ya yi tsanani a 2023 Kano ya fi yi wa illa. In kin ga wuya ya kumbura, ga wani farin abu mai toka-toka ya lulluɓe maƙogwaro, a kai shi asibiti nan take, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma.

Maman Yara, Kurna:

Ni ba ma'aikaciya ba ce, amma an sha shigo mini gida. Wadda na saurara ita ce wadda ta cire takalmi, ta zauna a tabarma, ta fara gaida surukata kafin ta dube ni. Ba ta yi mana faɗa a kan kwatar ƙofar gida ba. Tef ɗinta ya nuna ruwan ɗorawa a hannun autana, alamar tamowa ta fara, sai ta tambayi abin da muke da shi a ɗaki, ta nuna mini yadda zan sa garin gyaɗa da waken suya a kununsa. Dattijuwar da ta rufe miki ƙofa wataƙila kakar yaron ce, kuma ita ke da ta cewa. Ita za ki fara samu.

Nas, Tarauni:

Don jarrabawa ki riƙe taron lafiya na duniya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978, inda aka kafa tubalin kiwon lafiya a matakin farko, da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti da ya dasa shi a Najeriya yana ministan lafiya. Hukumar ƙasa mai kula da shi a 1992 aka kafa ta.

Ɗalibar Jinya, Gwale:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Mama Tsohuwar Nas, na bi maganarki. Da safe muka gaida mai unguwa, ya haɗa ni da ungozoma, ashe ita ta karɓi haihuwar yaron. Kakarsa da kanta ta shimfiɗa mana tabarma. Shekararsa uku, ba shi da katin rigakafi. Maƙogwaro lafiya, amma na ƙirga numfashinsa 46 a minti ɗaya, alhali daga 40 ake zargin nimoniya, wato ciwon huhu, a shekarunsa. Aka kira babansa a waya daga kasuwa ya ba da izini, muka taho da shi asibiti, an fara ba shi magani. Yana da ƙanwa 'yar wata biyu, kakar ta ce ranar Alhamis ita za ta goyo ta ta kawo ta rigakafi.