Taswirar Ortelius mai sunan "Cano": yaya ake gane ta asali?

Ɗan Kurmi: Salamu alaikum. Wani dillalin kayan tarihi na tallata taswirar Afirka ta Abraham Ortelius, mai zanen taswira na ƙarni na 16, wadda ke ɗauke da Cano da Zanfara (wato Kano da Zamfara), a kan cewa bugun 1570 ce. Yaya ake bambance ta asali da ta jabu?

Malam Na Tsangaya: Wa alaikumus salam. Fara da takardar. Ɗaga ta saitin haske: ta wancan zamani da tsumma aka yi ta da hannu, za ka ga layuka sirara a cunkushe, da wasu da suka ratsa su, tazararsu kamar santimita 2 zuwa 3. In ta fito sumul ba layi, ba ta ƙarni na 16 ba ce, don irin wannan takarda sai wajen 1757 ta bayyana a Turai.

Sannan ka shafa gefen zanen. Da farantin jan ƙarfe aka buga ta, matsin injin kan bar gurbi kewaye da zanen. Tsakiya kuma dole a ga ninki, tunda daga littafi aka ciro ta. Ka sa gilashin ƙara girma: in launi ya tarwatse ya zama ɗigo-ɗigo, bugun zamani ne, magana ta ƙare.

Hajiya Mai Adana: Ƙari a kan na Malam, ko ta asali ce ba lallai ta zama ta 1570 ba. A birnin Antwerp aka fara fitar da kundin taswirorin Ortelius a shekarar, amma an yi ta maimaita bugu har 1612, da Latin, Faransanci, Jamusanci da sauransu. Rubutun bayan takardar da lambar shafi su ke nuna bugu na nawa ne. Ka duba bayan wuraren da aka shafa kore: tsohon kore na jan ƙarfe ne, yakan ci takarda ya bar tabo ruwan ƙasa, alamar tsohon launi kenan. Kuma don Allah kada a manna mata salatif ko a yi mata laminatin, darajarta ta tafi kenan.

Bazazzagi: Sunayen nan, Cano da Zanfara, daga bayanin Afirka na matafiyi Hasan al-Wazzan suka samo asali, wanda Turawa ke kira Leo Africanus. Ramusio, mai tattara labaran matafiya, ya buga bayanin a Venice a 1550, wani mai zanen taswira Gastaldi ya zuba shi a taswira, Ortelius ya kwasa daga can. Shi ya sa za ka ga Kwara, wato Kogin Neja, tana gangarawa yamma ta faɗa Tekun Atlantika ta wajen Senegal. Wannan kuskuren ba alamar jabu ba ne, haka zamanin ya ɗauka. Sai 1796 Bature matafiyi Mungo Park ya gan ta a Segu, a Mali ta yau, tana yin gabas.

Ɗan Kurmi: Na gode. Zan nemi dillalin ya turo hoton bayanta tukuna.