Neman shawara: yini guda da iyali a gindin dutse cikin wannan hunturu

Mai tambaya, daga Ƙofar Ƙaura, Katsina:

Assalamu alaikum. Yara sun samu hutun ƙarshen shekara, kuma tun da aka rufe makaranta ba su da abin yi sai zaman ɗaki da kallon waya, domin mahaifiyarsu tana tsoron kada sanyi da ƙura su kwantar da su. Na yi niyyar in kwashe su ranar Asabar mu tafi garin kakanninsu, wani ƙaramin gari da ke gindin duwatsu ta ɓangaren Daura, mu yini a waje, su hau dutse, su ga gona bayan girbi, su ci irin abin da muka ci muna yara. Su huɗu ne, babban yana da shekara 13, autar kuma 4, sannan mahaifiyata ta ce ƙafarta ƙafarmu. Waɗanda suka taɓa irin wannan fita, da wane lokaci ya dace mu tashi, kuma yaya za mu tsara yinin ba tare da mun dawo da marar lafiya ba?

Wani dattijo, daga Daura:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa zuri'a albarka. Shawarata ta farko ita ce kada ku yi sammako, domin sanyin hunturu da asuba ya fi cizo, ga hazo da ke rufe hanya. Ku bari sai hantsi ya dubi ludayi, yara sun sha koko da ƙosai, sannan ku kama hanya.

Idan kun isa, ku fara da gaishe da dangi da mai gari, ku roƙi a haɗa ku da wani saurayi ɗan garin. Shi ya san inda dutsen yake da sauƙin hawa da inda yake da santsi, shi ne kuma zai hana yara zura hannu cikin kogo ko ɗaga duwatsu, tunda a nan maciji da kunama suke fakewa idan sanyi ya matsa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, daga Sahara, saboda haka ku shimfiɗa tabarmi a gefen dutsen da ke fuskantar kudu maso yamma. Dutsen zai tare muku iska, rana kuma za ta ɗumama wurin, har Hajiya ta zauna ba tare da ta takura ba.

Abin da na fi so ku kiyaye shi ne wuta. Yara ba za su manta da gyaɗa da dankalin da aka binne a toka mai zafi ba, a tono shi bawonsa ya yi baƙi, a ɓare tururi yana tashi, ana jefa shi daga hannu zuwa hannu. To amma ina yaro mun taɓa hura irin wannan wutar kusa da inda wani maƙwabcinmu ya tara kara da harawa, iska ta ɗauki tartsatsi, kafin manya su iso abincin dabbobinsa na rani duka ya zama toka. Har yau ina tuna yadda mahaifina ya tsaya a ƙofar gidan mutumin, kansa a sunkuye, yana ba da haƙuri. Ku hura taku a kan fako, nesa da busasshiyar ciyawa, ku rufe ta da ƙasa kafin ku tashi.

Wata ma'aikaciyar jinya, uwar yara uku:

Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ni ban goyi bayan a hau da autar ba ko da ɗan garin yana riƙe da ita. Ta zauna a ƙasa tare da kakarta da yaran garin, a koya mata carafke, a tsinko mata magarya, wannan ya ishe ta. Manyan kuwa su sa takalmi mai rufi wanda ke kama ƙasa, kada a bar su da silifas.

Game da sutura, Malam, gara riga biyu ko uku marasa nauyi da rigar sanyi guda mai kauri, saboda da rana ta take za su fara gumi, sai a rage ɗaya, da yamma a mayar. A shafa musu man kaɗanya ko basilin a leɓe da ƙafafu tun daga gida. Ku riƙi ruwa mai yawa, ku riƙa ba su ko ba su nema ba, domin busasshiyar iskar nan tana zuƙe ruwan jiki alhali yaro bai ji ƙishirwa ba. Idan akwai mai asma a cikinsu, maganin shaƙarsa ya kasance a aljihunku, kuma ranar da aka wayi gari ƙura ta yi kauri har ba a ganin rana sosai, a ɗage tafiyar. Ina ganin tsoron mahaifiyarsu yana kan hanya, a ba ta wannan sharaɗin tun yanzu hankalinta ya kwanta.

Wani direba mai jigila tsakanin Katsina da Daura:

Alhaji, ka kunna fitilun motarka ko da rana idan hazo ya sauko, ka kuma baro garin da zarar an yi sallar la'asar, domin rana tana saurin faɗuwa a watan Disamba. Ka kira 'yan'uwanka na can ranar Juma'a ka ji lafiyar hanya daga bakinsu. Na san wasu za su ce ka nufi Dutsin-Ma da madatsar ruwa ta Zobe, wurin yana da kyau ƙwarai, amma yankin ya sha fama da matsalar tsaro a 'yan shekarun nan, ni ba zan kai ƙananan yara can ba sai na tabbatar. Idan lokaci ya rage, ku biya cikin Daura su ga rijiyar Kusugu, inda labarin kaka da kakanni ya ce Bayajida ya kashe macijiyar da ta hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa uwargida bayanin Hajiya ma'aikaciyar jinya, ta amince bisa sharaɗin ƙurar. Za mu tashi da ƙarfe 9, mu bar Kusugu sai wani zuwan, don kada gaggawa ta cinye mana yinin. Na kira ƙanin mahaifina, ya ce zai ajiye mana dankali da rake, kuma ɗansa ne zai hau dutsen da manyan yaran.