Kik yana haɗiye mini ganga a breakcore, ku taimaka

Salamu alaikum 'yan'uwa masu haɗa kiɗa. Daga Nima nake a Accra, da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio nake aiki, kuma wata matsala ta tsaya mini a wuya.

Breakcore nake haɗawa, wato kiɗan lantarki mai gudu da ake daddatsa ganga a cikinsa, bugu 190 a minti. Na daddatsa Amen break, gangar nan ta ƙungiyar mawaƙa The Winstons ta 1969, na ɗora mata kik (bugun babbar ganga mai kauri) na na'urar ganga TR-909 da na ƙona da distoshan (murɗe sauti ya yi kaushi) irin na gabber, kiɗan lantarki mai tsauri na birnin Rotterdam. Kowanne shi kaɗai garau yake. Da na haɗa su, sai kik ya haɗiye komai, ƙananan yankan da na ɓata dare ina jerawa su koma shuuu.

Na yanke sautin da ke ƙasa da 150 Hz, wato ɓangaren mai kauri, daga gangar. Na sa saidicen, dabarar da ke rage ƙarar ganga duk lokacin da kik ya buga, amma a wannan gudun kafin ganga ta ɗago wani kik ya sake danne ta. Ba na son rage ƙazantar sautin, ita ce ran kiɗan.

Wutsiyar kik zan gajarta, ko distoshan ɗin zan raba wa kowanne nasa? Abokaina a Zango afrobeats suke yi, wannan ba layinsu ba ne. Don Allah wanda ya taɓa warware ta ya nuna mini.