Anya ba esi ne ke raba mana tari a shago ba?

Tela_Agege:
Salam jama'a, dan Allah masu sani ku taimaka. Shagon ɗinki ne muke aiki a Agege mu shida, bara maigida ya sa mana esi saboda zafin Legas, sai aka buga katako a tagar baya wai kar sanyi ya gudu, ƙofar gilashin ma kullum a rufe take. To akwai yaro ɗaya cikinmu ya fi wata yana tari, duk ya rame, ya ce da dare gumi har ya jiƙa tabarma, yanzu ni da ke kusa da kekensa na fara. Maigida ya ce sanyin esi ne kawai. Ni dai wlh hankalina bai kwanta ba, ina da ƙananan yara a gida.

Mai_Gyaran_Esi_Obalende:
Wa alaikas salam ɗan uwa. Wannan sana'ata ce. Esin nan na bango ba ya jawo iskar waje ko kaɗan, mutane da yawa ba su sani ba. Akwatin da ke waje zafi kawai yake fitarwa, bututun da ya haɗa su kuma gas ne ke bi ta ciki. Iskar ɗakin yake zuƙa ya sanyaya ya dawo muku da ita, wato numfashin junanku kuke ta shaƙa tun safe har dare. Ragar cikinsa ma ƙura take tarewa, ƙwayar cuta wucewa take. A shagon tela in na ciro ta sai ka ga zare da burbushin yadi sun yi dam kamar bargo.

Anti_Nas:
Ƙanena sanyi ba ya kawo tarin fuka (wato tibi), ƙwayar cuta ce da ke rataye a iska in mai ita ya yi tari, kuma ɗaki rufaffe shi ne gidanta. Ban ce shi ke damun yaron ba, amma tari ya wuce sati 2 ga rama ga gumin dare, wannan sai gwaji. Ku kai shi asibitin gwamnati gobe-gobe a gwada kakinsa, gwajin da maganin duk kyauta ne, wata 6 ake sha kuma ana warkewa sarai in ba a yanke ba. In ya tabbata dukkanku sai an duba ku. Lokacin korona ma a 2020 an ga irin haka a wani gidan abinci a Guangzhou ta ƙasar Sin, waɗanda suka kamu su ne na teburan da iskar esi ke bi ta kansu. Ku cire katakon nan, taga a baya ƙofa a gaba iska ta riƙa ratsawa. Kuma dan girman Allah kar ku kyamaci yaron, ba laifinsa ba ne.

Baba_Mile12:
Gsky ne yarinya, amma ku lura da inda janareta yake kafin ku buɗe taga, hayaƙinsa kisa yake shiru ba a ankara ba. In a bayan shagon yake a fara matsar da shi nesa.

Tela_Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba jen ɗin kuwa daidai ƙarƙashin tagar yake, sai mun nemi doguwar waya. Na nuna wa maigida saƙonnin, yana ta maganar kuɗin wuta amma ya yarda in raka yaron asibiti da safe. Anti ni ma a gwada ni goben ko in jira sakamakonsa tukuna?

Anti_Nas:
Tunda ka fara tari kar ka jira, ka gaya musu tare kuke aiki. Ku sa takunkumi a cikin motar haya ta danfo.