Estirojin a ƙwaƙwalwa: mintuna ko awoyi?

Aminu: Salamu alaikum jama'ar Sakkwato. Abin nan ya ishe ni. Har yau ana karantar da ɗalibai cewa estirojin, sinadarin mata, sai ya shiga cibiyar ƙwayar halitta ya hau kan DNA, a jira awoyi kafin a ga aikinshi. Alhali tun 1967 Szego da Davis suka nuna yana ɗaga cAMP, wani sinadarin isar da saƙo cikin ƙwaya, a mahaifar ɓera cikin daƙiƙa 15. A ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ma cikin mintuna yake canza yadda suke aika saƙo. Don mi aka bar wanga a baya?

Hauwa: Malam Aminu, sinadarin mata kuma? Ƙwaƙwalwar namiji tana da enzayim ɗin aromatase, shi ke mayar da testosteron ya koma estiradiyol, wato babban nau'in estirojin, a nan cikinta, har a bakin mahaɗar jijiyoyi.

Bello: Hajiya, a jini dai na mace mai haila ya fi yawa, yana kai fikogiram ɗari biyu zuwa ɗari huɗu a mililita dab da fitar ƙwai. Na namiji bai kusa ba.

Hauwa: Jini daban, cikin ƙwaƙwalwa daban. Abin da ƙwayar ta haɗa a gefenta ba ya bayyana a gwajin jini.

Sani: Ku mutanen fisiyoloji kullum haka. Mu masu ilimin magunguna mun san letrozole na toshe aromatase, ana ba mata masu kansar nono. Ina maganar maza a nan?

Hauwa: Wa ake ba maganin ba shi ke nuna wa ke da enzayim ɗin ba, Yaya Sani.

Aminu: Ku dawo kan sauri don Allah. ERα, furotin da ke karɓar estirojin, na manne da fatar ƙwaya bayan an liƙa mishi kitsen palmitate, yana haɗuwa da furotin caveolin, ya tada mGluR1, wani mai karɓar saƙo a fatar ƙwaya, kalsiyam ya tashi. Ga kuma GPER, wani mai karɓar estirojin, da aka tabbatar a 2005. Gwajin mai sauƙi ne: sa actinomycin D ka toshe kwafar saƙo daga DNA. In aikin ya zo duk da haka, ba ta cibiya ya bi ba.

Sani: Gwaje-gwajen nan nawa ne masu tsabta? Ana zuba estiradiyol nanomola 10, ya ninka na jini nesa ba kusa ba. Ana ɗaure estiradiyol da BSA, wani babban furotin, wai kada ya shiga cikin ƙwaya, in ba a tace shi ba wani ya kwance ya shige. Jan phenol da ke ruwan renon ƙwayoyi shi kanshi yana ɗan aikin estirojin. Sai a cire shi, a wanke siram da gawayi, DMSO, ruwan da ake narka sinadarin ciki, kada ya wuce kashi 0.1 cikin ɗari.

Bello: Kuma maganin fulvestrant da ke toshe ERα yana kunna GPER. Wanda bai haɗa da G15 mai toshe GPER ba, zai ce kome ya toshe, ba haka ba ne.

Hauwa: Shi ya sa a gwada jinsi biyu. Huang da Woolley a 2012 sun ga estiradiyol ya rage birkin da sinadarin GABA ke taka wa jijiyoyi a hippocampus, wani sashen ƙwaƙwalwa, na ɓera mace, a namiji bai yi ba.

Bello: To ai kin dawo inda nike, Hajiya. Na mata ne.

Hauwa: Hanya ɗaya ce ta bambanta. Tada saƙon glutamate, sinadarin da ke zaburar da jijiyoyi, cikin mintuna kuwa duka biyun suna yi.

Sani, mai kula da zaure: Na rufe. Abin da aka tsayar: ƙazanta da yawan sinadari na iya ɓata gwajin saurin estirojin. Batun maza da mata a kai shi wani zaure.