Abin da aka tattauna kan haɗa wutar gwajin amfilifaya

'Yan uwa masu gyaran rediyo a Jidda da Makka, ga abin da na tsinto daga maganar da muka yi kan haɗa na'urar da za ta ba amfilifaya wuta lokacin gwaji.

1. Kowa ya yarda a fara sa mita a soket a auna ƙarfin wutar kafin a sayi taransifoma. Wasu tsofaffin gidaje har yanzu 127V ne, sababbi 230V.

2. Yawancin amfilifaya na son wuta gida biyu, tabbatacciya (+) da korarriya (-), sai sifili (0V) a tsakiya. Don haka a nemi taransifoma mai waya uku a fita. Idan 24V ce kowane gefe, bayan dayod (mai mayar da wutar AC zuwa DC) da kwandansa (mai tara caji) za ta haura 33V, saboda ana ninkawa da 1.41. Kwandansa kuwa kada ta gaza mai 50V.

3. Kwan fitila mai zare a jere da wayar shiga. Nan aka fi daɗewa. In akwai gajeren haɗi (shot) a cikin amfilifayar, kwan zai haska sosai ya riƙe wutar, ba abin da zai ƙone. In lafiya, ya yi haske ɗan lokaci ya dushe. Kwan LED ba ya wannan aikin.

4. Inda aka rabu: wasu sun ce cajar laftof biyu ta isa a madadin taransifoma, ta fi araha. Wasu sun ce tana sa lasifika tsuwa. Ni ina tare da na biyu.

5. LM317 da LM337, ƙananan IC ne don daidaita wuta, amma 1.5A ne iyakarsu, kuma da zafin Jidda sai an sa ƙarfen sanyaya da fanka.

6. Fiyus, da resista mai sauke cajin kwandansa bayan an kashe.